Inuwar da Na Zana a Bango

A bakin rijiya na fara gane akwai wani abu. Na iso da tuluna, na yi sallama, aka amsa mini ƙasa-ƙasa. Sai wata mata da ke jan guga ta miƙa hannu ta jawo ɗanta, ta mai da shi bayanta. Ba ta dube ni ba. Leɓenta dai yana motsi, kuma da na sunkuya zan aje tulu na ji ƙarshen abin da take faɗi: "kurwata kur." Na waiga in ga wa ke bayana. Babu kowa sai wani jaki ɗaure.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san wa ake yi wa wannan kalma. Maye ake yi wa ita, ko mayya, mai kama kurwar mutum ya ɓoye har mai ita ya rame ya mutu. Ban san yadda tulun ya hau kaina ba. Na dai san na iso gida rabin ruwan a jikin zanena, kuma har yanzu da nake rubuta wannan, in na ji ƙarar guga a bakin rijiya sai in waiga bayana.

Garinmu ƙarami ne, kusa da Hawandawaki. A shekarar na gama kolej na dawo gida, ina jiran a tura ni lakwal, wato makarantar boko, inda zan koyar. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, gujiya kuma tana da daraja, duk kaka motoci na jigilarta zuwa Tasawa har yashin hanya ya yi rami. Da abin da gonarmu ta ba da Baba ya sa aka yi wa ɗakin Inna sabon yaɓe, aka shafe shi da farar ƙasa ciki da waje, sannan ya tafi fatauci kudu kamar yadda ya saba da rani. Ya bar mu, ni da Inna da ƙannena mata, da wannan bango fari tas mai kallon yamma.

Ni kuwa a kolej babu darasin da nake so kamar zane. Madam ɗin da ke koya mana ta fara da mu daga ɗigo, sannan layi, sannan siffa, sai daga baya ta yarda muka taɓa launi. Da sabuwar tutar ƙasarmu, mai da'ira a tsakiyar fari, ta koya mana daidaito. Ta yanko da'ira ta takarda ta ɗora a tsakiyar farin, sannan ta tura ta can gefe ta ce mu faɗi abin da muka ji. Muka ce kamar za ta faɗo. Ta ce to ido ma yana da ma'auni. Wata rana ta rufe tagogi ta kunna fitila, ta sa kowace ta zauna gefe, ƴar'uwarta ta bi bakin inuwarta da alli a kan allo. Mun yi dariya ranar har da hawaye, masu dogon hanci suka sha tsiya. Babu wadda ko kai ya sara mata.

Akwai wata ƴar maƙwabtanmu, ƙarama, haƙoranta na gaba sun fara zuba. Kullum tana gidanmu wai taya mu ɓarar gujiyar iri, amma wadda ke shiga bakinta ta fi wadda ke shiga ƙwarya. Wata la'asar ta miƙe ta je jikin bangon tana sosa baya, rana ta kwanta, sai ga inuwarta a kan farin, baƙa ƙirin, bakin inuwar da kaifi kamar an yanka da aska. Goshinta mai tudu, tukkun kitsonta, leɓen ƙasa da ya ɗan fito. Na ɗauko gawayi a murhu.

"Juya gefe. Tsaya nan, kada ki motsa."

"Yaya, mi za ki yi mini?"

"Zan fidda ke a bango."

Haka na faɗa, da bakina, ƙannena na ji, ita ma ta ji. Na fara daga ƙeya na hau, na sauko goshi, na bi hanci. Hannuna bai ɗaga ba har wuya. Ban taɓa jan layi mai kyau kamar wannan ba, ko a kolej. Da ta matsa, inuwar ta bi ta, layin ya tsaya. Ta yi tsalle tana tafi, ta ruga ta kira ƙawayenta su zo su gan ta. Inna ta leƙo daga madafa ta duba, ta ce dai, "An ɓata farar ƙasa." Ta koma.

Bayan ƴan kwanaki zazzaɓi ya kama yarinyar. Idanunta suka yi ja, tana tari, ba ta son haske ko kaɗan, da an ɗaga labulen ƙofa sai ta rufe fuska tana kuka. Cikin zafin jikin ta riƙa sambatu, abin da take ta maimaitawa kuwa shi ne, "Yaya ta ce kada in motsa. Yaya ta fidda ni a bango." A wurinmu in marar lafiya ya kama sunan mutum cikin sambatu, an gama bincike. Duk wannan ban sani ba sai ranar rijiya, da na dawo na tarar da Inna zaune a ƙofar ɗaki hannunta babu aiki, abin da ban taɓa gani ba. Ita ta gaya mini.

Da yamma kakar yarinyar ta shigo. Tsohuwa ce da duk unguwa ke kira Iya, ita ke karɓar haihuwa, ni ma a hannunta na faɗo. Ba ta zauna a tabarmar da aka shimfiɗa mata ba.

"Ke ƴar lakwal, nuna mini abin."

Na nuna mata. Ta daɗe tsaye, hannu a ƙugu.

"Ina idon?"

"Babu ido, Iya. Gefe ne kawai. Inda inuwa ta ƙare, farin bango ya fara."

"Ba ido, ba kunne, ba tsagar gidansu. To mi ya sa na san ita ce?"

Na fara yi mata bayani cewa goshin kowa da yadda yake gangarowa, kuma tazarar da ke tsakanin hanci da leɓe ba ta zama ɗaya ga mutum biyu. Ina cikin magana na ji yadda take fita, kamar mahauci yana lissafa sassan akuya. Sai na katse bayanin.

"Ni na yanke mata cibi," in ji Iya, "amma ban san haka leɓenta yake ba sai yau. Da kin yi shi kamar kwaɗo, ƴar nan, da ba wanda ya ɗaga kai. Iyawarki ce ta ja miki."

Inna ta ce bari ta jiƙa tsumma ta goge yanzu-yanzu. Iya ta ɗaga hannu.

"Kada wanda ya taɓa. In kun goge, yarinya ta cika, mi za ku ce wa mutane?"

Haka zanen ya zauna. Ba a goge ba, ba a rufe ba, mu kuma muka daina fita. Ƙannena suka daina zuwa dandali. Ruwa sai da sassafe Inna ke zuwa ta ɗebo kafin mata su taru. Abin da ya fi tsorata ni ba kaina ba ne kaɗai. Mutanenmu sun yarda maita a nono ake shanta, daga uwa take bi. Inna kuwa ba ƴar garin ba ce, daga wajen garin Sarkin Hausa aka auro ta, can ƙasar Mayahi, ba wanda ya san uwarta a nan. In sunan ya kama ni, ya kama ta, ya kama ƙannena da ƴaƴan da ba su haifa ba. Na san wani gida a bayan gari da aka yi wa haka tun kafin a haife ni. Har yau ba a cin abincinsu, ba a neman ƴaƴansu, kuma ba wanda ya tuna abin da kakarsu ta yi.

A kwanakin nan ba ni da abin kallo sai bangon. Na riƙa tunanin layi, abin da na ɗauka na sani. A jikin mutum babu layi. Ka duba fuskar kowa, ba za ka ga baƙin zare ya kewaye ta ba, fata ce kawai take juyawa ta ɓace wa ido. Mai zane ne ke kawo layin daga wurinsa, ya ce daga nan zuwa nan ke ce, abin da ke waje ba ke ba ce. Ni na ɗauke shi girmamawa, na dubi yarinyar da ba wanda ke duba na ce ta isa a tsaya a kalle ta. Mutanen gari kuwa abin da suka gani shinge ne, an kewaye abu an hana shi fita. Kuma in na faɗi gaskiya, da la'asar, in rana ta kwanta ta haska farin da ke cikin layin, wurin yakan fi sauran bangon haske a idona, ko da yake farar ƙasar ɗaya ce. Madam ta koya mana wannan ma, cewa fili in an kewaye shi ya daina zama fili. Ba ta dai gaya mana akwai garin da za a tambaye ka mi ka zuba a ciki ba.

Inna ta koma saƙar faifai don hannunta ya samu abin yi. Na zauna ina kallonta tana naɗa kaba, ja, baƙi, fari, ja, baƙi, fari, ƙananan kusurwoyi suna bin juna suna zagayawa har su haɗu da inda suka faro. Tun ina goye nake ganin irin wannan ado, a ƙwarya, a tabarma, a goshin ƙofar masu hali, ban taɓa lura ba cewa duk cikinsa babu fuskar kowa. Akwai daidaito, akwai maimaici, akwai launin da ke tashi da wanda ke kwantawa, duk abin da aka ba mu suna da Faransanci muka rubuta a jarrabawa. Amma ba ya kama da ɗiyar kowa. Ban sani ba ko tsoro ne ya koya wa kakanninmu haka, ko kuwa sun fi son hakan ne kawai. Na dai ga faifan Inna zai iya shiga kowane gida a garin, nawa aikin kuwa ya rufe mana ƙofa.

Sannan wani tunani ya shige ni wanda ya fi duk sauran muni. Na taɓa jin ana cewa akwai masu maita da ba su san suna da ita ba. Ni da na yi karatun jiki da ƙwayoyin cuta, na zana su ma a takarda, sai ga ni ina tambayar kaina mi ya sa hannuna bai ɗaga ba ranar, mi ya sa layin ya zo da sauƙi haka. Na daina bin gefen bangon in rana ta juya, don kada tawa inuwar ta faɗa kan ta yarinyar.

Wata rana da azahar, muna zaune a inuwar rumbu, na kasa riƙewa.

"Inna, a danginku can, an taɓa..."

Ban ƙarasa ba. Ni ce ƴar farinta, tsakaninmu akwai kunya, ba ta kiran sunana, ba ta doguwar magana da ni, "ke" ce kawai tun tasowata. Ta ci gaba da saƙa.

"Uwata ta shayar da mu, ta haɗa da ɗiyan maƙwabciyarta da ta rasu a kan gwiwa. Suna nan da ransu, har da jikoki." Ta ja kaba da haƙori ta tsinke. Sai ta kira sunana, cikakke, ta ce, "Nonon da kika sha ni na san abin da ke cikinsa. Gero ne da ruwan rijiya. Kada ki ƙara yi mini wannan tambaya."

Da uwar yarinyar ba ta zo ba, da na samu natsuwa da wannan. Mace ce mai fara'a, Gwaggo nake ce mata, ita ta yi mini kitson tafiya kolej na farko. Na yi zaton in ta zo da zagi za ta zo, na ma shirya wa zagin. Sai ta shigo ba mayafi, ta durƙusa a gabana a tsakar gida.

"Ɗiyata, ban ce da gangan kika yi ba. Wallahi ban ce ba. Ki dai zo ki tsallaka ta, ki sake mini ita."

"Gwaggo, a sa ta a amalanke a kai ta Tasawa. Akwai lokotoro a asibitin can."

"Lokotoro yana da allurar kurwa?"

Tsallakawa ita ce al'adar. A kwantar da marar lafiya a ƙasa, wanda ake zargi ya ƙetare shi a gaban shaidu, wai kurwar sai ta koma. Na san abin da ke ciki sarai. In na tsallaka ta warke, to an tabbatar, ni na kama kuma ni na saki. In ta mutu, an ce na riga na cinye. Ƙin zuwa kuwa ba sai an fassara shi ba. Babu ƙofar da ke fita waje. Inna ta miƙe tana cewa ba inda ɗiyarta za ta, a jira Baba ya dawo. Amma Gwaggo ta riƙe ƙafata da hannu biyu, hannunta da zafi kamar ita ce mai zazzaɓin, na ji bakina ya ce, "Zan zo da safe."

Inna ba ta yi mini magana ba sauran yinin. Da gari ya waye kuwa na tarar ta ɗaura zanenta na fita unguwa, tana jirana a zaure.

Hantsi ya fara ɗagawa muka shiga gidan. Mata sun cika tsakar gida, sun jeru jikin danga, suka buɗe mana hanya fiye da yadda muke bukata. Ba wadda ta gaishe mu. An shimfiɗa tabarma a fili a gaban ɗaki, don al'adar ba a yin ta a duhu, sai kowa ya gani. Tun da ciwon ya fara yarinyar na cikin ɗaki a rufe saboda ƙin haskenta, wannan ne karo na farko da za a fito da ita.

Iya ce ta ɗauko ta. Ta rame, leɓen nan ya bushe ya tsage, ta cusa fuska a ƙirjin kakarta tana kuka ƙasa-ƙasa. Aka kwantar da ita. Na cire takalmina. Na tuna ƙasar da sanyi, na tuna ina kallon faɗin jikinta ina auna taki, kamar wani abu ne da za a iya yin sa daidai ko ba daidai ba. Gwaggo ta ce, "Bismillah, ɗiyata."

Iya na durƙushe tana gyara mata kai, ta juya fuskar daga rana. Sai hannunta ya tsaya. Ta naɗe kunnen yarinyar gaba ta sunkuya. Ta kai yatsa bakin gashi, ta bi wuya, ta ɗaga ƴar rigar.

"Koma baya," ta ce mini, ba ta ɗago ba. "Koma baya sosai, har jikin danga."

Na koma. Ta kira wasu tsofaffi biyu da hannu, suka zo suka duƙa. Daga inda nake ina iya hangowa, ƙananan ɗigo-ɗigo, sun taru a bayan kunne sun fara gangarowa, a fatar da ta yi duhu-duhu kamar an yayyafa mata dussa. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta ce a hankali, "Baƙon dauro ne." Ƙyanda ke nan. Ta daɗe ba ta shigo garinmu ba, shi ya sa ƙananan mata ba su san farkonta ba. Wata daga bayan taro ta ce ɗan ƙanwarta ma ya kwana biyu da jan ido da tari, can unguwar marina, yaron da bai taɓa taka gidanmu ba. Nan take na ga mata suna waige-waige, kowace na neman nata, wasu suka fice ba sallama.

Iya ta miƙe da ƙyar, ta dafa gwiwa. Ta ɗaga murya yadda har na bayan danga za su ji.

"Kafin ku watse. Kun ga ƙafar yarinyar nan ta ƙetare tabarma?"

Aka ce a'a.

"Ke, kin gani? Ke fa? To ku riƙe. Ba ta tsallaka ba. In jikata ta tashi, Allah ne ya tashe ta. In ba ta tashi ba, ga abin da ya ɗauke ta nan a wuyanta, kowa ya zo ya duba. Kada in ji wata magana a bakin rijiya."

Gwaggo ta zauna daɓas a ƙasa ta fashe da kuka, don ta san ƙyanda ba ƙaramin baƙo ba ne, gara mata a ce ni ce, ni ana iya roƙona. Wannan ne abin da har yau ban gama sasantawa da shi ba. Yarinyar ta tashi daga baya, amma akwai gidajen da baƙon bai fita hannu wofi ba a wannan bazara. Ni kuwa a wannan sa'a, ina jingine da danga, ina kallon ɗigon da ke wuyan yarinya ƙarama, abin da ya cika ƙirjina daɗi ne. Na yi ƙoƙarin in ji wani abu dabam, ban iya ba.

Na sulale na zauna, ina neman takalmina da hannu ban gan su ba, alhali suna gabana. Iya ta zo ta tsaya a kaina, tana warin hayaƙi da man shanu.

"Tashi, ƴar lakwal. Ba ruwanki. Ba ruwan uwarki." Ta juya wajen Inna. "Akwai tsamiya a gidanki? Aiko mini, da ɗan gero, a dama mata kunu mai ruwa-ruwa. Ƙananan naki kuma kada su leƙo nan."

Inna ta ce akwai. Ta sunkuya ta ɗauki takalman ta aje mini a gaban ƙafa, ta jira har na sa.